Tumun Bakance

Mu a zamaninmu ba wanda ya san ranar da aka haife shi. In ka tambayi mutum sai ya ce maka da kaka ne, ko ana tsakar shuka, ko shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Amma ni akwai haihuwa ɗaya da na riƙe lokacinta gam, ita ce ta ɗana na uku. An haife shi cikin marka, ruwa na zuba ba dare ba rana, a ƙauyenmu da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta raɗe-raɗin tafiyarsu.

Na ce na uku, amma shi kaɗai ne a hannuna. Biyun farko, mace da namiji, babu wanda ya cika shekara, duk damina ce ta tafi da su. Har mata sun fara ce mini mai wabi a bayan idona, wasu ma a gaban idona, don akwai waɗanda Allah bai ba su linzamin baki ba.

Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai in murna ta kama shi bakinsa ya fi rumbunsa girma. Ran suna, liman na shafa fatiha, sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya yi bakance: in Allah ya raya yaron nan ya ga wata markar, sai ya ciyar da garin nan kaf, babba da yaro. Maza suka ɗauka da "Allah ya cika!" Ina ɗaki unguwarzoma ta kawo mini labari, wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina. Uwar mijina kuwa, wadda muke kira Inna, tana bakin murhu tana dama mini kunun kanwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Hm. Baki shi kan yanka wuya."

Kakar shekarar nan ta zo ba daɗi. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta ƙosa ba, ɗan abin da auduga ta kawo haraji ya lashe. Kafin bazara ta yi nisa mun fara tsakurar hatsi kamar magani.

Cikin wannan hali ne wata safiya na ga Inna ta zaro zangarniyar gero daga damin iri tana sussukewa. Na ce, "Inna, me za a yi da shi?" Ta ce binne za ta yi. Binne shi ne a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar shi yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi ka riga kowa. In yayyafi aka yi ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone, ka yi asara. Caca ce dai, kuma ba mu da abin caca. Raina ya ɓaci, na koma ɗaki ina gunaguni: muna lasar ƙwarya, tsohuwa za ta je ta ciyar da zabi. Ta ji ni sarai. Ta ɗauki sungumi ta nufi gayaunarta, wani yanki a kusurwar babbar gonarmu, inda Fulani suka yi mashekari da rani, ƙasar ta sha taki har ta yi baƙi.

Allah da ikonsa, ruwan farko ya zo kamar da bakin ƙwarya. Mutane na neman inda suka jefa sunguminsu, geron Inna ya riga ya huda ƙasa.

Ni ban bi ta kansa ba, hankalina yana kan yaro. Ya yi zama, ya yi rarrafe, haƙora suka fito da zawo da zazzaɓi, kullum zuciyata a hannu. Ga yunwa ta zauna a gari daram. Tafasa da rama su ne abinci, gidan da aka ɗora tukunyar tuwo sau ɗaya a yini ya gode Allah. Marka kuma tana matsowa, yaro yana raye, bakance yana nan.

Maigida ya rame. Ran kasuwar Kankara ya yi sammako, ya dawo da labarin ya sami wani Alhaji mai sayar da hatsi, zai ba shi dawa da rago, shi kuma ya jinginar masa da gona. Gonar nan ita kaɗai gare mu, ta gado ce, kuma mun sha ganin jingina a garinmu: gona in ta tafi, da wuya ta san hanyar gida. An shirya wakilin Alhaji zai zo ran Juma'a ya ga iyaka.

Ni fa goyon bayansa na yi. Tsoro nake ji. Gani nake in aka saɓa wa Allah alkawari, abin da ya ba mu zai karɓe. Na tarar da Inna tana tufka igiya na ce mata, "Inna, a ba shi gonar. Gona ƙasa ce. Ni na gaji da miƙa 'ya'ya ana fita da su cikin tabarma."

Ta dube ni, ta dubi yaron da ke jan zanenta. Mijinta take kiransa, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "To ke 'yar nan, in an ba da gonar, baɗi mi zai ci, mijin nawa? Bakance?"

Sai na yi fushi, don shi ya fi sauƙi.

Igiyar da take tufkawa ta korar tsuntsaye ce. Geronta ya fid da kai alhali na kowa bai ko yi ciki ba, saboda haka duk tsuntsun da ke ƙasar nan ita ya sani. Ta kewaye gayaunar da igiya, ta rataya sakaina da tsofaffin gwangwanaye, ta kafa 'yar rumfa a tsakiya. Daga fitowar rana har faɗuwarta tana can tana ja tana ihu, ruwa ya dake ta, rana ta busar da ita. Tsohuwar da in ta durƙusa sai ta dafa bango take tashi! Muryarta ta dushe, sai ka matso kake jin abin da take faɗa. Ni a zatona kunun kanta take wa wannan wahala.

Ana jibi Juma'a ta sa mayafi ta tasa ɗanta a gaba har zauren liman. Ban je ba, maigida ne ya ba ni labari yana huci. Wai ta ce da tumu za a cika bakancen. Tumu fa, sabon geron da yara ke karyowa su gasa a bakin gona! Ya ce da ita, "Inna, so kike a yi da ni a garin nan har in mutu? A ce na tara dattawa a kan tumu?" Ta ce da shi daidai ruwa daidai tsaki, wanda ya kwana bai ci ba ba ya tambayar sunan abinci. Liman ya saurare su, ya ce Allah bai ɗora wa bawa ya tsiyata iyalinsa don ya cika alkawari ba, ya ciyar daga abin da yake da shi. Amma sharaɗi ɗaya ne, tunda ciyarwa ya ce, sai mutane sun ƙoshi.

Maigida ya yarda a kan haka, amma bai aika Kankara a ce an fasa ba. Ya ce wakili ya zo abinsa. In tumu ya ƙosar da gari, shi ke nan. In bai ƙosar ba, a ranar zai nuna iyaka, a sake taro da tuwo da nama.

Ran Juma'a da hantsi ruwa ya tsagaita. Na goya yaro na bi Inna, kuma ranar ce na fara ganin gayaunar da idona. Na tsaya cak. La'ilaha illallahu! Ko'ina ka duba gonakin mutane kore ne shar, ganye kawai, amma nan ga gero ya fi ƙato tsawo, zangarniya kamar damtsen mutum, ta cika ta sunkuya. Ga ƙamshi. Ni da na yi watanni ina shaƙar tururin tafasa, sai na tsaya ina ta shaƙarsa. Ban san lokacin da na ce, "Inna, duk ke kika yi wannan?" ba. Ta ce, "Ni na binne dai. Kama wuƙa."

Muka jera wuta a bakin gona da ƙiraren da ta daɗe tana ɓoyewa a rumfa don kada su jiƙe. Yara ne suka fara zuwa, su ba sa jiran gayya. Aka ɗora zangarniya a wuta, ta fara ƙara tas-tas-tas, hayaƙi ya kwanta ya bi iska ya shiga gari. Wannan hayaƙin shi ya yi mana shela. Sai ga mata, wata da ɗan gishiri a ganye, wata da kwaɗon rama, ba wanda ya roƙe su. Wata Bafulatana daga cikin waɗanda suka yi mashekari a wurin ta zo wucewa da ƙwaryar nono a ka, ta ga abin da takin shanunsu ya yi, ta sauke ƙwaryar ta ce a sha, ba ta karɓi ko anini ba. Dattawa su suka zo ƙarshe, suna tafe suna gyaran murya, kamar hanya ce ta biyo da su.

Abin da ban manta ba shi ne shirun. Na zaci za a yi hayaniya da wawa. Ina! Kowa ya sami wuri ya zauna, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya watsa a baki. Ba ka jin komai sai tauna da ƙarar wuta. Gari guda yana ci, ba mai magana. Na ga mai unguwa, mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban mata, gemunsa duk baƙin gawayi, yana miƙa hannu a ƙara masa. Na ga wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, jikarta na daka mata a ɗan turmi tana zuba mata nono. Muna yanka muna gasawa, ina satar kallon gayaunar ina cewa yanzu za ta ƙare, yanzu za ta ƙare, in na ɗaga kai sai in ga gero tsaye a gabana. Har yau ban san yadda ɗan yankin nan ya ɗauki garinmu ba. Albarka dai ba a auna ta da ido.

Da ciki ya fara ɗauka sai baki ya buɗe. Aka kwance yaron daga bayana, ya bi hannu hannu, kowa ya tofa masa addu'a ya shafa kansa, har waɗanda suka ce mini mai wabi. Shi kuwa ya damƙe wata zangarniya yana gwaguya da 'yan haƙoransa, yana kallon mutane kamar shi ya tara su. Da ma shi ya tara su.

Ana cikin haka wakilin Alhaji ya iso a kan keke, wandonsa duk taɓo. Maigida ya tashi ya tarye shi. Aka shimfiɗa masa buzu, aka miƙa masa tumu mai zafi. Ya ci, ya ƙara, sannan ya kakkaɓe hannu ya ce, "To Malam, ina iyakar take?"

Maigida ya juya ya dubi liman. Liman ya miƙe, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, don Allah kada kowa ya ji kunya, magana ce ta alkawarin Allah. Akwai wanda bai ƙoshi ba?"

In mutum ɗaya ya ce "ni", gona ta tafi. Aka yi tsit. Liman ya sake tambaya. Can sai wani tsoho maƙeri, wanda kowa ya san shi da ci, ya saki wata irin gyatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, in an ƙara mini sai dai a kai ni gida a kan jaki." Wuri ya ɓarke da dariya. Liman ya ɗaga hannu aka shafa.

Maigida ya ɗaure zangarniya mai kyau a bayan keken wakili, ya ce, "Ka gai da Alhaji, ka ce mun gode ƙwarai. Gonar tana nan wurin masu ita." Da mutumin ya tafi, ya zo ya durƙusa gaban uwarsa. Ta ce, "Tashi ka tafi masallaci, ka tsaya nan kana ba ni kunya."

Maza suka tafi Juma'a, mata suka watse, aka bar ni da Inna cikin kara muna kwance igiya. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Inna, lokacin da kika yi binnen nan ƙyanda na gari, yaron nan ma jikinsa da zafi. Yaya aka yi kika san zai kai?"

Ta ci gaba da naɗe igiya a gwiwar hannunta. Da dusasshiyar muryar nan ta ce, "Ina na sani? Geron 'yan'uwansa ma na binne, duka biyun, a nan wurin. Na ce in sun kai, in gasa musu. Ran da aka fita da su sai in kwance igiya in bar wa tsuntsaye."

Na zauna a kan kunyar gona. Shekarun nan duka ina ganin ni kaɗai nake jira. Inna ta ajiye igiyar, ta murza 'yar tsabar da ta rage a hannunta, ta hure, ta tauna ta yi laushi, ta sa wa yaron a baki.