Shofer ɗin Tenere a Bakin Teku

Duk wanda ya san Djibrilla a birnin Greensboro na Amurka, a matsayin mai share ofisoshi ya san shi. Amma mutumin nan shofer ne tun yana saurayi a Agadas, shekara da shekaru yana keta hamadar Tenere da kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, inda babu hanya sai rairayi. Ƴaƴansa biyu, Yasmina da Hisham, a Amurka aka haife su. In ya ɗauko labarin hamada sai su ce, "Okay, Baba," idonsu na kan talabijin. Abin yana ci masa rai ƙwarai. So yake ko sau ɗaya su gan shi yana yin abin da ya iya.

Shi ya sa a 2006 ya sayi wata ƴar ƙaramar kat-kat ta hannu. Matarsa Fourera ta zagaya ta, ta leƙa baya, ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan ko tukunyata ba za ta ɗauka ba. Minivan fa muka ce, babba mai ɗaukar iyali."

"Minivan ba ta taka yashi," in ji shi.

Da aka yi hutun lakkal, yara ba karatu, ya cusa su ciki, tukunyar dambu a cinyar Fourera, tabarma a ƙafafun yara, suka kama doguwar hanya zuwa bakin teku, wurin da ake barin motoci su hau rairayi. Da isarsu ya sauka ya rage iskar tayoyi, ya koma ya sa giya. Kai, ranar Djibrilla ya yi tuƙi! Ƴar motar nan marar nauyi ta dinga shawagi, Hisham na ihu, Yasmina ta cire abin jin kiɗa daga kunnenta tana dariya. Rabonsa da irin wannan daɗi tun barinsa gida.

Sai la'asar ta yi. A hamada jiƙaƙƙen rairayi shi ne abin dogaro, mota ba ta nutsewa a kansa. Don haka ya gangara ya ajiye ta kan damshi, can nesa da ruwa a ganinsa. Wanda ya girma a Agadas, ina zai san teku tana tafiya tana dawowa? Suka ɗauki tabarma suka zagaya bayan tudu inda ba za a zuba musu ido ba, suka yi salla, suka ci dambu, har ya ɗan kishingiɗa.

Ko da suka dawo, ruwa ya sha tayoyi. Ya durƙusa ya tona da hannu, ya cusa tabarma ƙarƙashin taya, ya taka totur. Ina! Duk abin da ya tona, ruwa ya zo ya mayar. Mai jan mota bai iso ba sai da ruwa ya kai sitiyari, inji ya gama mutuwa.

Mutumin, wani dattijon Bature, ya girgiza kai ya yi wata tambaya da sauri, Djibrilla bai kama ba. Sai Yasmina ta shiga gaban ubanta, ta riƙe hannunsa, ta amsa da Turanci a hankali, irin wanda uban yake ji sarai. Cikin tausayi ta ce a yi masa uzuri, babanta bai saba da yashi ba.