Yadda Na Zama Uban Saje

Shekara biyu da ƙare yaƙin basasa na ajiye kaki na koma gida, unguwar Magajiya. Lokacin garin namu Abuja ake kiransa, bai zama Suleja ba tukuna. Ina zaune a zaure wata ranar kasuwa sai na ji sallama da wata murya da ba zan taɓa mantawa ba. Sajen rukunina ne, mutumin ƙasar Filato, Kirista, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya zo da akwatin kayan kafinta a kafaɗa.

A fagen daga ni ƙaramin laftana ne, gemu ma bai gama fito mini ba. Mafi yawan zamanmu a gadin wata gada muka yi shi, cikin kurmi, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da azumi ya kama, Saje da sauran Kiristoci suka karɓi haƙar ramuka da ɗiban ruwa da rana. Ran Lahadi kuma mu muke karɓar gadinsu su yi addu'a. A bakin rafin da ke ƙarƙashin gadar harsashin igwa ya ɗauke mana mutum biyu. Ni da shi muka binne su, kowa da irin addu'arsa.

Da Saje ya zo garinmu, na sama masa ɗaki kusa da kasuwa, ya kafa bencinsa. Da damina ta zagayo sai ya zo yana sosa ƙeya.

"Oga, na ga mata a Izom. Danginta sun ce in kawo manyana. Nawa kuwa sun ƙare."

Na ce, "To, wa za mu nema?"

"Kai mana."

"Haba Saje, ai ka kusa haifata."

Ya ce, "A can wa yake amsa tambaya idan ɗayanmu ya ɓata? Ai kai ne."

Muka hau babur ɗina, goro a ɗaure a baya. Kawun matar, wani dattijon manomi, ya dube ni ya dubi furfurar Saje, ya tambayi dangantakarmu. Sai na gaya masa abin da na sani.

"Baba, na ga mutumin nan da yunwa, na gan shi da tsoro. Ban taɓa ganin ya ci abinci kafin na ƙasa da shi ba."

Dattijon ya sa aka karɓi goron.

Ranar auren na zauna a bencin gaba a coci, da babbar rigata. Amarya ta durƙusa ta ce mini "Baba", har mahaifiyata ta yi mako tana tsokanata. Sun haifi 'ya'ya huɗu, kuma duk a zaurenmu suka koyi tafiya.