Ranar da Surukina Ya Kwashe Maza Zuwa Ɗauko Abinci

Shekarun baya kaɗan, santsin banɗaki ya kwashe ni a gida Kano. Ba ƙashin da ya karye, amma na daɗe kwance a ƙasa ina kiran mutane kafin a zo a ɗaga ni. Tun daga ranar nake sallah a kan kujera. Likita ya ce gwiwata lafiya lau, ni kuma na ce ai ba shi ne ya kwanta a banɗakin ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji, kada in kai goshi ƙasa in kasa tasowa.

A haka 'yata ta ɗauko ni zuwa Kuala Lumpur, inda mijinta yake karatun digiri na uku, wai in huta. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, sai ga ni a unguwar Wangsa Maju cikin masu digiri. Da yake duk cikin mutanenmu ba mai furfura kamar tawa, kowane taro ni ne uban taro.

To, wani yaron mutanenmu ya fasa kai da takalmin nan mai taya a wurin ajiye motoci. Ya warke, amma iyaye suka tsorata, suka kama hayar wani zauren wasan takalmin kusa da unguwar Titiwangsa, a koya wa yara kiyaye kai. Na sa babbar riga, na shirya jawabi mai zafi. Na ce Allah ya ba mutum ƙafa biyu lafiyayyu, shi kuma ya ga sai ya ƙara musu taya takwas. Aka yi dariya, alhali ni da gaske nake.

Ina zama sai ga malamar da za ta koya wa yaran ta shigo. Tsohuwa ce 'yar ƙasar, da ɗan hijabinta da hular kwano a kai, wadda ko a ido ta girme ni. Ta zagaya zauren kamar ruwa ne yake tafiya da ita, ta juya da baya, ta zo ta tsaya cak a gabana ba ko ƙara. Na manta bakina a buɗe, har jikata ta ce, "Tsoho, rufe bakin mana, kar ƙuda ya shiga." Na ce mata ta yi hankali, na samu wadda zan maye gurbinta da ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba gudu ta fara koya musu ba. Faɗuwa ta koya musu. Ta busa usur, yara su zube a kan gwiwa, ta sake busawa su miƙe. Ita ma tana zubewa tare da su, tana tashi kamar ba a yi komai ba. Shekara saba'in ina duniya, ban taɓa sanin faɗuwa ma karatu ce ba.

Da aka ba yara hutu, ta shimfiɗa wata siririyar katifa a gefe, ta ajiye kujera kusa, ta ce saura manya, ba da taya ba. Ta dube ni ta ce, "Pak Haji, boleh?" Jikata ta fassara: wai zan iya? Ashe 'yata ta riga ta tsegunta mata labarina.

Wallahi zuciyata ta so. Amma ga surukina tsaye da abokansa, duk sun zuba ido. Mutumin da ko abinci ba na ci a gabansa, shi zai ga ina rarrafe a ƙasa da babbar riga? Na ce a gaya mata uban taro ba ya kwanciya a bakin aiki.

Surukina bai kalle ni ba. Wayarsa ya duba, ya ce abinci ya iso daga unguwar Kampung Baru, kuma da yawa, duk namijin da ke wurin ya zo a kama. Wani ya ce ai mutum biyu sun isa. Ya ce, "Malam, na ce duk namiji." Suka fita har da mai ɗaukar hoto.

Na tuɓe babbar rigar na miƙa wa 'yata. Tsohuwar ta kwanta kusa da ni, tana yi ina bi. In juya kan gefe, in dafa hannu, in hau gwiwa, in rarrafa zuwa kujera, in kafa ƙafa ɗaya. Gumi yana zubo mini, tana cewa a hankali da harshensu. Sai kawai na gan ni tsaye, ba hannun kowa a jikina. Ta ture kujerar gefe ta ce a sake. Na sake. 'Yata ta rufe fuska da rigata.

Can sai ga maza sun dawo, su wajen ashirin, ɗauke da leda huɗu.

Magaribar ranar a ƙaramin masallacin gidanmu na yi ta. Na wuce kujerar da aka saba ajiye mini, na shiga sahu. Da goshina ya taɓa ƙasa, har liman ya ɗago ya zauna ni ban ɗago ba, ba don na kasa ba.

Har yau in na tuna tsohuwar nan sai in ce ikon Allah, a ce sai na ƙetare teku wata kaka mai taya a ƙafa za ta mayar mini da sujadata. Surukina kuwa a sahun bayana yake a daren, na tabbata ya gani. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, don ba a haka tsakaninmu. Sai dai duk wanda ya ce mini 'yan boko ba su da kunya, nakan ce ya dai yi maganar nasa surukin.