Sunan da Malam Hayatu Bai Rubuta Ba

Kakana na wajen uwa, Malam Hayatu na Ƙofar Rini, matsoraci ne. Ba zan ɓoye ba, don shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, kai har ragon layya sai an danne masa shi da kyau kafin ya matso da wuƙa. Amma ba shi alƙalami ka sha kallo. Kyawun rubutunsa na ajami ne ya sa bayan Nasara sun ci garin aka ɗauke shi marubuci a zauren wani alƙali. Abin da zan faɗa daga bakin uwata Juwairiyya na ji shi, ƙarshensa kuwa da idona na gani.

Ɗansa na fari sunansa Abdulwahabu. Ni na faɗa, shi ba ya faɗa. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Ana yaye yaron aka miƙa wa Inno, mahaifiyar Malam, ya tashi a sashenta. Shekara ashirin da biyu uban bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan na ɗakin Inno". In sun haɗu a zaure, ɗaya ya dubi bango, ɗaya ya dubi ƙasa. Amma ranar da zazzaɓi ya kayar da yaron, Malam wuni ya yi yana kai da kawo a bayan ɗakin, yana tambayar duk wanda ya fito ko an ci abinci a ciki. Abdulwahabu ya girma ya zama mai aikin surfani a riguna, dogo, mai faɗin kafaɗa.

A shekarun da Nasara ke yaƙi da Jamus aka buɗe ajin ma'aikata a wani zaure kusa da Ƙofar Taramniya. Kwana uku a mako, tsakanin azahar da la'asar, marubutan alƙalai da na hakimai su baro aiki su zo su zauna a tabarma, masu furfura da masu jikoki. Ana koya musu boko, da yadda ake rubuta rahoto, da adana takardu, da ƙidayar jama'a. Wanda ya ci jarrabawa a ɗaga shi, wanda ya ƙi zuwa a sallame shi. Malaminsu wani Tambari ne, sa'ar ɗan wasunsu, wanda ya yi karatu a Kano ya dawo da Kananci a baki, dattawan suna ta dariyarsa a ɓoye. Bisa kansa akwai wani Bature da ke zuwa duba aji. Mai Jar Tawada suke ce masa, don in ya ja layi a takardarka, kashinka ya bushe.

A lokacin gari a tsorace yake. Ana kwasar majiya ƙarfi su ɗauki kayan soja zuwa ƙasashen da ba wanda ya san sunansu. Malam da hannunsa ya rubuta hukuncin wani mai unguwa da ya ɓoye samari biyu: aka tuɓe masa rawani, aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka kai shi gidan yari. Uwata ta ce ranar ko tuwo bai iya haɗiya ba.

Sai ga aikin jarrabawa. Kowa ya je unguwarsu ya rubuta mazan gidaje ashirin, suna da shekaru da sana'a, ya fara da gidansa, sannan ya zo ya karanta a gaban aji. Tambari ya ce gwaji ne kawai, takardun ba za su bar zauren ba. Ba wanda ya yarda.

Inno na jin labari ta aika a kira shi.

"Hayatu, in kas sa min ɗa cikin takardar Nasara, ban yahe ba. Ɗana na, ba naka na ba."

"Inno, gwaji na anka ce."

"Su gwada da ɗiyansu."

Ya zauna da takarda ya rubuta kansa, ya rubuta ƙanensa gurgu, ya tsallake zuwa gidan maƙwabta. Har ya mutu cewa yake kunya ce ta hana shi, don ina zai iya miƙewa gaban dattawa ya kama sunan ɗan fari? Ni dai ina ganin kunyar ta samu tsoro a hanya suka tafi tare.

Abin da bai sani ba, an ba wani ɗan ajin, Malam Siddiƙu, gidajen nan ashirin ya bi baya ya sake rubutawa. Shi ma darasi ne, wai kada ma'aikaci ya dogara da takarda ɗaya. Siddiƙu bai yi da mugunta ba. Ya tarar da saurayi a ƙofar gida yana surfani, ya tambaye shi suna, ya rubuta.

Ranar karatu Mai Jar Tawada ya ɗora takardun biyu a gwiwa, yana bi da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Malam Hayatu, a gidanka maza nawa ne?"

Malam ya miƙe. "Ranka shi daɗe... biyu."

"Nan an ce uku. Akwai mai shekara ashirin da biyu. Wane ne shi?"

Kowa a wurin ya gane, ban da mutum ɗaya. Tambari ya matsa ya yi bayani a hankali, cewa a nan uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, al'ada ce, ba ɓoyo ba. Har ya ce shi zai cike gurbin da hannunsa.

Baturen ya girgiza kai. "Ma'aikaci ba shi da kunya a gaban takarda. In kunya ce, ya faɗa yanzu, ya rubuta, magana ta ƙare. In bai faɗa ba, ɓoyo ne. Shi ya san hukuncin ɓoyo, shi ya rubuta shi."

Malam ya ce a lokacin ba abin da yake gani sai bayan mai unguwar nan, da yadda bulala ta tsaga shi. Ya tuna maganar Inno. Ya tuna kafaɗun yaron. Ya so ya ce gara shi kansa a kai shi gidan yarin, wallahi ya so, amma bakinsa ya riga shi.

"Abdulwahabu."

Dattawa suka sunkuyar da kai kamar an tuɓe mutum a gabansu. Siddiƙu ya rufe fuska da hannun riga. Aka miƙa wa Malam alƙalami ya rubuta sunan da boko, harafi bayan harafi, kuma don baƙin ciki rubutun ya yi kyau.

Takardun sun bar zauren. Kwana goma sha tara bayan haka dogarai suka tsaya a ƙofar gida suna karanta sunaye. Abdulwahabu ya ajiye rigar da yake yi, allura na soke a wuyanta. Ya durƙusa gaban Inno, sannan ya zo gaban uban. Ko a ranar ba su dubi juna ba.

"Baba, sai Allah ya yi."

"Allah shi kiyaye," in ji Malam, yana duban bango.

Inno ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu. Jarrabawa kuwa ya ci. An ba shi takardar shaida, an ɗaga shi, har an riƙa misali da shi a ajin. Uwata ta ce ba ta taɓa ganin takardar ba sai bayan mutuwarsa, a ƙarƙashin tukunyar ruwa, danshi ya cinye rabinta.

Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo a rame, wasu aka kawo labarinsu. Namu ba a gan shi ba, ba a ga labari ba. Bokon da Malam ya koya ya yi masa amfani ɗaya: duk takardar sunaye da ta iso ofis sai ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya koma sama.

Ni na riske shi ya tsufa, ya bar aiki. Kullum da hantsi zai ja sanda ya zauna a bakin Ƙofar Rini. Mutumin da ke tsoron kare da tsawa, sai ga shi yana tare fatake da tsofaffin soja, yana riƙe linzamin dokin da bai sani ba. Na sha jin sa, da ƙarfi, a gaban kowa, ba ko sunkuyar da kai:

"Bawan Allah, inda kah hito ba ka ga wani dogo ba? Abdulwahabu sunanai. Abdulwahabu. Ɗana na."