Kawu Pyo, Mai Waldar da Ya Riƙe Ƙafa ta Uku

Tun kafin matan ƙauyenmu su tura katakonsu na tonon ƙumba cikin taɓon teku, Kawu Pyo Man-sik ya riga ya ɗaga ƙyauren shagonsa na walda. Ba agogo yake bi ba, ruwa yake bi: in teku zai janye da sassafe, da sassafe zai buɗe. Yakan dafa shayin sha'ir a wata buta da ta sha liƙi har ba a gane ƙarfenta na asali, ya zauna bakin ƙofa yana jiran abin da gishiri ya cinye jiya. Farfelar kwalekwale, ƙugiya, manjagarar tonon ƙumba, duk nan ake jibge su. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai rufe, don idonsa ya daina jure hasken walda.

Ni mai ɗaukar hoto ce, ina da ɗan shago a garin Beolgyo. Kowa a gaɓar nan yana da labarin Kawu, amma ni abin da na gani da idona zan faɗa.

Bara, bayan bikin girbi, Kaka Jomnye ta shigo shagona. Shekara sittin ta yi durƙushe a kan katako tana tonon ƙumba, har gwiwa ta ce ba ta iyawa, ɗanta kuwa ya yanke zai tafi da ita birnin Incheon. Hoton nan take so, wanda tsofaffi ke ɗauka tun da sauran ƙarfinsu, a ajiye shi gaban masu ta'aziyya ranar da babu su. Ina warware shuɗin labulena na ɗaukar hoto sai ta harare ni.

"'Yar nan, ninke tsummanki. Ban taɓa zama gaban labule ba, don me zan mutu a gabansa?"

A gonarta ta ƙumba da ke cikin teku take son a ɗauke ta, lokacin da ruwa ya dawo ya rufe taɓon, kuma turakun iyakarta su fito duka, daga na farko har na ƙarshe, yadda marigayi mijinta ya kafa su. Ruwan da zai zo daidai da hasken safe saura kwana tara, washegarinsa kuma motar ɗanta za ta iso. Na ce an gama, bakina ya riga hankalina.

Sai da na je na duba na gane abin da na jawo wa kaina. Daga tsawon mutum, turakun cunkushewa suke yi wuri guda. Sai kyamara ta hau sama kamar tsawon mutum biyu, a kan abin nan mai ƙafa uku, a tsakiyar ruwa. Na karaɗe biranen Suncheon da Gwangju, na kwana biyar ina nema. Mafi tsawon da na samu, ina kafa shi taɓo ya haɗiye rabinsa, gishiri kuma ya cije gaɓoɓinsa kafin yamma. Wani mai kanti ya ce in tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Da na kai wa Kaka shawarar, cewa ta yi ba za ta yi wa ƙuda murmushi ba. Ran nan na ji kunya ƙwarai, don na yi wa tsohuwa alkawarin da ba ni da hanyar cikawa.

Saura kwana uku na kai wa Kawu ƙarfen da ya cije, ko zai kwance shi. Ya juya shi, ya ce wannan na tsayuwa a falo ne. Ko tef ɗin awo bai ɗauko ba. Ya shiga gonar Kaka da ƙafa, ya duba inda ruwa ya bar zane a jikin turaku, ya dawo ya zaro sandunan gora uku daga cikin na masu noman ciyawar teku. Ya haɗa musu kai da ƙarfe, ya yanka tsohon katakon taɓo gida uku, ya yi wa kowace ƙafa takalmi mai faɗi. Da na tambaye shi ko zai tsaya, bai ko ɗago ba, ya ce abin da ya ɗauki mata shekara sittin ba kyamara ce za ta gagare shi ba.

Kai ne, Kawu, ka ɗauko shi a kafaɗa ranar, kana mitar na cika surutu. Muka kafa shi, na ɗaura kyamara, ina kallon hoton ta waya. Ruwa ya shigo, ya kai wa Kaka gwiwa, turaku suka jeru tsaf. Ana haka sai hoton ya fara karkacewa. Ashe ƙafa ta uku a bakin wani kwari ta sauka, ruwa yana zaizaye ƙarƙashinta. Kafin in buɗe baki ka faɗa cikin kwarin, ruwan sanyi har ƙirji, ka ɗora ƙafar a kan cinyarka ka rungume ta.

"Ke, ɗauka mana, kafin in zama kifi."

Kaka kuwa a lokacin ta ga ɗankwalinta bai zauna ba. Ta kwance, ta sake ɗaurawa, ba ta ko sauri.

"Man-sik, daina numfashi, za ka girgiza min hoto."

"To, Kaka, na daina."

Na danna sau goma sha ɗaya, hannunka bai motsa ba. Mako biyu ka yi kana tari bayan nan, ka ce wa mutane hayaƙin walda ne.

Yanzu Kaka tana hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Incheon. Irin wannan hoto ninke shi ake yi a ɓoye sai ranarsa, amma ɗanta ya ce ta hana. Ta jingine shi kusa da taga, duk baƙon da ya shigo sai ta ƙirga masa turakun. Ba a ganin Kawu a ciki, ko inuwarsa. Masu shigowa shagona suna yabon idona, ni kuma ba na gajiya da gaya musu wanda ya tsaya a ƙarƙashi.

Mun gode, Kawu Pyo, maganin abin da gishiri ya ci. Ina alfahari da cewa gaɓa ɗaya ta haife mu. Ku kuma masu sana'a, manya da masu tasowa, in aikinku ya fara karkacewa a hannun mai shi, kada ku tsaya a tudu kuna cewa ai kun gama naku.

Da labarin rufe shagon ya kai Incheon, Kaka ta bugo wa Kawu waya ina zaune a shagonsa. Ta ce masa hoton ya ɗan karkace hagu, kuma laifinsa ne. Kawu ya ce ta dawo a sake. Sai ta ce a bar shi haka, gonar ta fito duka.