Miyar Baba Babu Gishiri

Shekarun baya, ina sabuwar gama makarantar horon malamai a Kano, na dawo gida Kura ina zaman jiran aiki. A lokacin kaina a kumbure yake da iya girki. Duk bidiyon girkin da ke yawo a waya na kalla, har littafi na buɗe ina rubutawa. In mahaifiyata ta ɗora tukunya sai in tsaya a kanta ina gyara mata, ita kuwa ta bi ni da ido kawai. Matar da ta fi shekara talatin tana ciyar da gida, wai ni ce zan koya mata.

A ranin shekarar ne mahaifina ya faɗi a gona. Yana ban ruwa a bakin kanal jiri ya kwashe shi, maƙwabtan gona suka ɗauko shi. Hawan jini ne. Ya yi kwanaki a asibiti a Kano, Allah ya sa abin bai taɓa masa hannu ko ƙafa ba. Ranar sallama likita ya kira ni da mahaifiyata ya ce in muna son ran mutumin nan, to ba gishiri, ba dunƙulen magi, ba kanwa, a yawaita masa ganye da kayan lambu. Na gyaɗa kai da ƙarfi na ce ai wannan mai sauƙi ne, a bar min.

Ashe ban san abin da na ɗauko ba. Mahaifina mutum ne da ke barbaɗa gishiri a miya kafin ma ya ɗanɗana. Kuma duk duniya ba abin da yake so kamar tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa, wadda ta sha kanwa tana yauƙi har sai ka yanke ta da yatsa. To ga kuɓewa, amma ba kanwa, ba gishiri, ba dunƙule. Sai ya yi loma biyu ya ture kwanon ya ce, "Alhamdu lillahi." Haka da rana, haka da yamma. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, kawai ba ya ci.

Cikin mako uku mutumin nan ya zube. Hularsa ta fara sauka har kan kunnuwansa. Maganin da aka ba shi kuma ba a sha da yunwa, in ya sha sai ya kwanta yana gumi. Sallah a zaune ya koma yi. Ni da nake cika baki, tsoro ya kama ni sosai.

Wata Litinin na shiga madafa na tarar da mahaifiyata ta ɗebo gishiri a yatsu tana shirin jefawa a tukunyarsa. Na riƙe mata hannu.

"Inna, likita fa ya hana."

"Likitan ne ke kwashe kwanukan nan cike? Sake min hannu." Idonta ya kawo ruwa. "Ina kallo yunwa za ta ƙarasa min shi. Ke da kika iya, ga ki ga tukunya. Amma wallahi in Juma'a ta zo Malam bai ci ba, zan koma girkina, abin da Allah ya rubuta ya faru."

Ba ƙarya ta yi ba. In an sa gishiri ana tsoron ya sake faɗuwa, in ba a sa ba ga shi yana ƙarewa a gabanmu.

Washegari na ce bari in kawo sabon abu. Mahaifina yana noman koren wake, irin wanda ake ci da kwansonsa, 'yan kasuwa su zo su loda a mota su yi kudu da shi. Shekara da shekaru yana nomawa, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga tukunyarmu ba. A wajenmu kayan sayarwa ne, abincin otal. Na aika aka tsinko min cikin kwano. A bidiyo na sha ganinsa a cikin soyayyar shinkafa, amma ban taɓa lura da yadda ake dafa shi ba. Na ce ai wake wake ne. Na cika tukunya da ruwa, na zuba shi, na ba shi wuta fiye da awa guda kamar mai shirin faten wake, sannan na kaɗa kuɓewa a kai. Korensa ya gudu, abin ya koma kalar tsohon tsumma.

Mahaifina ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata," ya ce a hankali, "laifin me na yi miki?"

Ya yi murmushi don kada in ji haushi. Ranar ko loma biyun bai yi ba.

Ranar Laraba bayan la'asar wani abokinsa ya zo dubiya daga Bunkure. Tare suka taso, gonakinsu ma kusa da juna suke, mu Baffa muke ce masa. Suna zaune a zaure na kawo abincin, sauran koren waken ne na sake jagwalgwalawa. Baffa ya leƙa kwanon, ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya yi dariya har da tari.

"'Yata, wannan miya ce ko ruwan da aka wanke kuɓewa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, rashin gishiri ne. Ba abin da zai yi daɗi ba gishiri."

"In ji wa? Ke kin san mutumin nan rabin rayuwarsa abinci ba gishiri yake ci? Tambaye shi. In muna gona rana ta take, abincin gida bai iso ba, wa ke yawo da gishiri a aljihu? Kara muke tarawa mu hura wuta. Mu tsinko kuɓewa 'yan ƙanana mu jera a kan garwashi, mu tura albasa cikin toka, tumatir ya fashe a wuta. Shi ne ma mai wawaso, sai ya ci nasa ya ci nawa."

Mahaifina ya ce, "Ƙarya yake min, Uwata." Amma na ga ya haɗiye yawu.

Baffa ya ce, "Ku mata komai ku nutsa shi a ruwa, daɗin ya bi ruwa, sannan ku nemo shi da dunƙule. Ki bar wuta ta taɓa abin."

Mu matan gidan ba ma zuwa gona, iyakarmu mu aika da abinci a dawo mana da kwano. Ba ni ba, ko mahaifiyata ba ta san da wannan cin ba.

Ranar Alhamis da hantsi na hura gawayi. Na ɗora tumatir da tattasai da attaruhu ɗaya a kan garwashi har fatarsu ta yi baƙi, na binne albasa biyu a toka. Mahaifiyata tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa kamar ba ta gani. Da ta ga na ɗauko daddawa zan jefa a turmi haka nan, sai ta ce, "Ke, ɗan babbaka ta tukuna. Ƙamshinta ba ya tashi sai ta ji wuta." Ta taso ta karɓe taɓaryar. Ita ta daka daddawar da citta da masoro da tafarnuwa, sannan muka ɓare gasassun kayan muka jajjaga su sama-sama.

Kuɓewar na raba ta biyu. Manyan na goga su don a samu yauƙi ko ba kanwa, ƙananan na tsaga su a tsaye na jera a kasko mai zafi da ɗan man gyaɗa, ban juya ba sai da gefensu ya yi ja. Koren waken ma kaskon ya shiga, na karya shi gajere-gajere, 'yan mintoci kawai, na kwashe yana nan kore shar, in ka ciza yana ƙaras. Ruwan miyar kaɗan na sa. Da na sauke, mahaifiyata ta matse rabin lemon tsami a kai. Muka ɗanɗana, muka kalli juna.

Na kai masa zaure na ajiye, na koma bayan ƙofa na laɓe. Ina jin ya buɗe kwanon. Ya shaƙi ƙamshin. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wa ya kawo min gona cikin gida?"

Na leƙa. Loma ɗaya, biyu, ya wuce ta biyun, ya ci gaba. Ya tsinci koren waken ya juya shi a hannu, ya tauna, ya ce, "Ashe abin da nake sayar wa mutane ke nan." Ina tsaye ina kallonsa har ya suɗe yatsunsa.

"Uwata, na san kina nan. Akwai sauran tuwo?"

Da gudu na koma madafa. Mahaifiyata ta ji da kunnenta, tuni ta buɗe kular tuwon tana share ido da gefen ɗankwali. Ta ce hayaƙi ne. Gawayin kuwa ya daɗe da mutuwa.

Daga nan jiki ya fara dawowa a hankali. Kafin damina ta faɗi ya koma gona, yana tsaye yana nuna wa ma'aikata inda za a buɗe ruwa. Yau ya tsufa, yana nan da ransa da ƙorafinsa, kuma har yanzu gishiri bai koma kwanonsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kayan lambu suna da daɗinsu, mu ne ke dafe shi ya gudu. Na kuma koyi tambayar mutum yadda yake cin abu kafin in ce na iya dafa masa. Amma in na tuna, ba girkin ne ke fara zuwar min ba, nauyin nan ne da ya sauka daga ƙirjina. Na yi girki da yawa tun daga lokacin, wani a yaba, wani a kushe. Har yau dai ban ɗauki abin da ya faranta min rai kamar kwanon nan da na ɗauko daga gaban mahaifina ba komai a cikinsa.