Keken da Baba Bai Hau Ba

Jiya a kasuwar Murshid Bazaar, nan ƙasar waje inda muke aiki, wani ya kaɗa ƙararrawar keke a bayana, sai na tuna shekara guda ke nan da rasuwar Baba, dattijon da muke ɗaurin kaya tare.

Ba ya wuce keke bai danna tayar da babban yatsa ba. "Iska ta yi ƙasa," zai ce, ko ba a tambaye shi ba.

Kafin korona, 'yan Afirka mazauna nan suka shirya hawan keke don tunawa da baƙar fatar da suka yi suna a tsere. Aka sayar da tikitin ƙuri'a don taimakon ma'aikatan da suka kasa komawa gida. Lambar Baba ce ta fito, aka miƙo masa sabon keke shuɗi mai ƙanshin roba. Ya ɗaga ƙafa sau biyu, gwiwa ta ƙi. Ya tsaya riƙe da shi, zufa na ɗiga daga gemunsa, yana kallon hotunan 'yan tseren da aka rataye a wurin.

"Ɗana, ni ma na yi tsere daga Kano zuwa Zariya, ba wanda ya ɗauki hotona. Zauna in ba ka labarin, ka rubuta."

"Baba, kwantenar kaya na jira. Sai Juma'a, inshallah."

Juma'o'i suka yi ta wucewa. Cutar ta ɗauke shi, ba a bar mu mun raka gawarsa ba. Ban san ko na nawa ya zo a tseren ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Allah ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ni kuma ya yafe mini.